SARKIN BUSA

1. Muryar da ke gaban Sarki

Idan Sarkin Kano zai hau ran Salla, tun mutane ba su hangi laimarsa ba su kan san ya fito. Wata murya ce mai kauri ke tasowa daga ƙofar fada, ta ratsa ƙurar dawaki da hayaniyar jama'a, ta shiga kunnen na kusa da na nesa. Wannan ita ce muryar kakaki.

Mai kallo ya kan zuba ido ga dawaki da kayan adonsu, da 'yan lifidi, da dogarai masu jajayen riguna. Ba safai ya kan kula da mutanen da ke busa ba. Amma da za su yi shiru, da nan da nan kowa ya ji hawan ya yi lami, kamar miya ba gishiri.

Waɗannan mutane su a ke kira mabusa. Sana'arsu ke nan, kuma suna da shugaba, kamar yadda maƙera da mahauta da magina ke da nasu. A waɗansu fadodi ana ce masa Sarkin Busa, a waɗansu kuwa Sarkin Kakaki. A cikin wannan darasi za mu ga yadda mutum ke tashi tun yana yaro har ya kai ga wannan sarauta, da irin aikin da ke kansa. Sa'an nan mu gwada shi da takwarorinsa masu shugabancin badujala, na nan gida da na ƙasar Jamus.

2. Kayan aikinsa

Ba a sanin ma'aikaci sai an san kayan aikinsa. Babba a cikin kayan busa na fada shi ne kakaki. Dogon bututu ne na ƙarfe, miƙaƙƙe sambal, siriri ta wajen baki, mai faɗi ta wajen ƙarshe kamar mazurari. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 8, wani ma har ya zarce ƙafa 10. Saboda tsawon nan ne a kan yi shi gaɓa gaɓa. In za a busa a harhaɗa, in an gama a rarraba, don ya yi sauƙin ɗauka. Maƙeran fari ke ƙera shi, watau masu aikin tagulla da azurfa da gwangwani, ba maƙeran baƙi masu yin fartanya da gatari ba.

Kakaki ba shi da ko huda ɗaya ta sa yatsa. Leɓɓan mai busa su ke yin aikin duka. Sai ya matse su a bakin bututun, ya tura iska da ƙarfi, leɓɓan su riƙa kaɗawa, iskar da ke cikin bututun ita ma ta kaɗa, murya ta fito. In ya ƙara matse leɓɓa sai murya ta hau, in ya sassauta sai ta sauka. Manyan muryoyinsa biyu ne, ta sama da ta ƙasa.

Wani zai ce, me mutum zai iya faɗi da murya biyu tak? To, ku saurara. Ku ce "kuka", irin na jariri mai jin yunwa. Ku kuma ce "kuka", itacen da a ke miya da ganyensa. Baƙaƙen duk ɗaya ne, amma a na farko murya ta tsaya sama, a na biyu kuwa ta sauko daga ƙarshe. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Ashe Hausa kanta bisa hawa da saukar murya ta ke tafiya. Don haka in gwani ya bi hawa da saukar maganar da ya ke nufi, wanda ya saba sai ya ji kamar da baki a ke faɗa masa. Mutane su kan ce kakaki cewa ya ke yi, "Ga shi! Ga shi!" watau ga Sarki nan tafe.

Na biyu ita ce algaita. Jikinta itace ne da aka fafe, aka lulluɓe da fata, da 'yan hudoji na sa yatsu. A samanta akwai ɗan bututun ƙarfe, da wani ɗan faifai inda leɓɓa ke tokarewa, da ɗan tsinken ciyawa wanda ke shiga cikin baki. Tsinken nan shi ke kaɗawa ya ba da murya. Muryarta siririya ce mai kaifi, tana kuwa iya bin waƙa hawa hawa, abin da kakaki ba ya iyawa. Sunanta daga Larabci ya fito, har yanzu kuma ana busa 'yar'uwarta a Maroko da Aljeriya.

Akwai kuma farai da famfami, waɗanda da itace a ke yinsu, ba su kai kakaki tsawo ba. Akwai ƙaho, na gwanki, wanda ta gefe a ke huda shi a busa. Duk waɗannan ba su tafiya su kaɗai, sai tare da ganguna, da tambari, babban abin kiɗan sarauta.

3. Asalin kakaki a Kano

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa ne ya fara kakaki a Kano. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya gina gidan sarauta wanda har yau a ke kira Gidan Rumfa, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, ya fito da figini da takalman gashin jimina. Kun ga ke nan an yi fiye da shekara 500 ana jin wannan murya a birnin Kano.

Ba Kano kaɗai ba. Ana busa kakaki a Sakkwato da Katsina da Zazzau da Daura, da Damagaram ta ƙasar Nijar, da Bida ta Nufawa, da Ilori. A Maroko ma suna da wani dogon ƙaho mai kama da shi, suna kiransa nafir, su kan busa shi da watan azumi.

A zamanin da, aikin mabusa bai tsaya ga ado ba. Su kan bi Sarki wurin yaƙi. Muryar kakaki ke nuna wa mayaƙa inda Sarkinsu ya ke, ta kuma ƙarfafa zuciyar wanda gwiwarsa ta fara sanyi. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, sai ta zama alamar sarauta kurum. Amma doka ɗaya ba ta sake ba: ba a busa wa talaka kakaki, kome yawan dukiyarsa. Attajiri ya iya sayen doki ɗari, amma ba ya iya sayen wannan murya. Algaita kuwa a kan busa wa hakimai.

Saboda kakaki shi ke magana a gaban Sarki, shi ya sa yanzu a ke kiran mai magana da yawun wata hukuma kakakinta, har shugaban majalisar dokoki ma ana ce masa Kakakin Majalisa.

4. Ƙuruciya da koyo

Busa sana'ar gado ce. Galibi wanda zai zama Sarkin Busa a gidan mabusa a ke haihuwarsa. Ubansa mabushi, kakansa mabushi. Tun yana goye ya ke jin take, har kunnensa ya saba kafin bakinsa ya buɗe.

In ya yi wayo a kan sa shi makarantar allo kamar kowane yaro, yanzu kuma har da ta boko. Amma in ya komo gida akwai wata makarantar tana jiransa. Ba a fara ba shi kakaki ya busa. Aikinsa na fari shi ne ɗaukar kaya. Shi zai riƙo gaɓoɓin kakakin ubansa zuwa fada, shi zai goge su su yi ƙyalli, shi zai kama linzamin doki. In manya na busa, sai ya tsaya daga baya yana saurare. Ya kan yi shekaru a kan wannan, yana ganin kamar ba a koya masa kome, alhali kuwa babban darasin ke nan. Wanda bai iya saurare ba, ba zai iya busa ba.

A tsakanin nan shi da tsararsa su kan yi wasa da kara, ko hannun ganyen gwanda mai rami a ciki, suna kwaikwayon manya. Da haka leɓɓa ke yin ƙwari. Ran da aka fara miƙa masa kakaki na ainihi, ba abin da zai fito sai huci. In ya matsa, sai wata ƙara mai ban dariya kamar ta ɗan maraƙi. Kansa ya yi ta juyawa, leɓɓa su kumbura, hannu ya gaji da nauyin ƙarfe. A nan ne a ke gane mai haƙuri. Raggo ya kan ajiye ya ce ba zai iya ba. Mai naci kuwa gobe ya sake ɗauka, jibi ma haka, har ran nan murya ta fito sarai.

Mai koyon algaita yana da wata wahalar ta dabam. Kun taɓa lura mai algaita ya kan daɗe yana busa ba ya tsayawa shan iska? Ga asirin. Ya kan cika kumatunsa da iska su yi tantsan. Sa'ad da iskar ƙirjinsa ta kusa ƙarewa, sai ya matso wadda ke cikin kumatu zuwa cikin algaita, a daidai wannan lokaci kuma ya jawo sabuwa ta hanci. Kamar zugazugin maƙeri ne, wannan na sauka wancan na tashi, wuta ba ta rasa iska. Masu koyon busa a ƙasashe da yawa su kan gwada wannan da tsinke mai rami da ƙoƙon ruwa. Sai su yi ta hurawa, su ga ko kumfa zai yi ta tashi ba yankewa. Ku ma ku gwada, ku ji in abu ne mai sauƙi.

Bayan iska sai hadda. Kowane Sarki yana da takensa, kowane hakimi da nasa, har sarakunan da suka shuɗe ba a manta da nasu ba. Ba a rubuce su ke ba, a ka a ke riƙe su. Tilas yaro ya san wane take ne na wane, ya san asalin gidajen sarauta, da wanda ya haifi wane, da wanda ya gaji wane. In ya busa wa wani basarake taken da ba nasa ba, ya jawo wa gidansu abin kunya.

Daga ƙarshe sai hawa. Busa a tsaye daban, busa a kan doki daban. Hannu ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na ɗauke da ƙarfe mai tsawon mutum biyu, ga doki na rawa, ga bindigogi na tashi, ga rana, ga ƙura. Wanda ya iya wannan, murya ba ta karye masa ba, ya zama mabushi.

5. Naɗi da aikin shugaba

Mabusa suna da muƙamai a tsakaninsu irin na fada. A kan sami Galadima, da Madaki, da Ciroma, da waɗansunsu. Mutum ya kan hau su sannu sannu, gwargwadon shekarunsa da gwanintarsa. In Sarkin Busa ya rasu, sai a duba cikin gidan a ga wanda ya cancanta. Sarki ne ke naɗa shi, a sa masa riga, a naɗa masa rawani, 'yan'uwansa su raka shi gida da kiɗa da busa. Sau da yawa kafin wannan rana ta zo furfura ta riga ta fito masa.

Daga ran nan nauyi ya hau kansa. A fadodi da yawa na ƙasar Hausa al'ada ce mabusa da makaɗa su taru a ƙofar fada ran Alhamis da dare, su yi ta yi, don a san gobe Juma'a. In za a naɗa sabon hakimi, ko Sarki zai tafi rangadi, ko zai karɓi babban baƙo, shi za a aika wa, shi kuwa ya tara mutanensa. Ba shi da ikon cewa ya gaji, ko ana ruwa.

Babban aikinsa na shekara shi ne Salla. Bisa al'adar Kano, ran Salla Sarki ya kan komo daga Idi a kan doki. Kashegari a yi Hawan Daushe, ya je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, a zo a yi jafi a Ƙofar Kudu. Rana ta uku Hawan Nasarawa, sa'an nan a rufe da hawan Ɗorayi ko na Fanisau. Ku duba, kwana da kwanaki ke nan ana busa. Tun Salla na sauran kwanaki Sarkin Busa zai duba kayan aiki. Wanda ya lotse a kai wa maƙeri, algaitar da tsinkenta ya mutu a sake mata wani.

A cikin hawa kuwa, shi ke raba aiki. Mutum ɗaya ba ya iya busa kakaki ba hutawa, don haka bi da bi a ke yi. Wannan ya ɗauka, wancan ya amsa, farai ya shiga tsakani, ganga na riƙe da tafiyar duka. In kowa ya busa lokacin da ya ga dama, ba abin da za a ji sai hargowa. Shugaba ke sanin inda za a fara, da inda za a tsaya, da taken da ya dace da kowane wuri. Ba ya yin tsawa. Da ido, ko da ɗaga kakakinsa, ya ke magana da mutanensa. Gwanintar shugaba ita ce baki goma su zama kamar baki ɗaya.

Akwai wani gwaji wanda ya fi wannan wuya, shi ne rabo. Mabusa da kyauta su ke rayuwa, ta riguna, da hatsi, da kuɗi, wani lokaci har da doki, ko da ya ke da yawansu su kan yi noma da damina. Kyautar kuwa hannun shugaba ta ke shiga. In ya yi adalci, ya ba babba rabonsa, ya ba yaro mai ɗaukar kaya nasa, sai jama'arsa su riƙe shi da zuciya ɗaya. In ya cika son kansa, sai ka ga yau wannan ya ce ba shi da lafiya, gobe wancan ya ce ya yi tafiya, har a wayi gari ba mai amsa masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Busa aikin ƙirji ne da haƙora. In tsufa ya zo, haƙora suka zube, numfashi ya gajarta, sai ya bar wa ƙannensa da 'ya'yansa ƙarfen. Amma kunne ba ya tsufa da wuri. Yana zaune a zaure zai ji wani yaro ya kuskure, ya kira shi ya gyara masa. Aikinsa na ƙarshe ke nan, shi ne kuma mafi girma, gama abin da ke cikin kansa in bai zuba shi a kan wani ba, tare za a binne su.

6. Badujala, da wani shugaba na Jamus

Akwai waɗansu mabusan da ku ka fi sani, watau 'yan badujala, irin na soja da 'yan sanda da makarantu, masu busa ran faretin 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu. Sojan Turawan Ingila ne suka kawo wannan irin busa, su da suka ci Kano cikin 1903. Kayan badujala da tagulla a ke yinsu, da leɓɓa kuma a ke busa su, daidai da kakaki. Bambancin biyu ne. Na ɗaya, an nannaɗe bututunsu kamar gammo, don kada tsawo ya dami mai tafiya. Na biyu, yawancinsu suna da madannai uku. In ka danna ɗaya, sai iska ta bi ta wani ƙarin bututu, hanyarta ta ƙara tsawo, murya ta sauka. Da haka a ke samun muryoyi masu yawa.

A ƙasar Jamus aka ƙago wannan dabara ta madannai, wajen 1815. A can ne kuma, a birnin Balin, aka fito da babban ƙahon nan mai ƙatuwar murya da a ke kira tuba, cikin 1835. Jamusawa mutane ne masu son busa. A kudancin ƙasarsu da wuya ka sami gari ba shi da ƙungiyar mabusa. Da manomi da kafinta da malamin makaranta su kan taru da maraice su yi koyo, ran biki su sa tufafinsu na gargajiya su fito.

Wani shahararren shugabansu shi ne Ernst Mosch, a bakinmu sai mu ce Mosh. An haife shi cikin 1925 a yankin Eger, cikin ƙasar da a lokacin a ke kira Cekoslobakiya, inda Jamusawa da yawa ke zaune. Ubansa mai haƙar ma'adini ne. Tun yana ƙarami ya shiga ƙungiyar busa ta yara. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, sai Jamusawan wannan yanki suka rasa gidajensu, aka kore su zuwa Jamus. Shi ma can ya koma, ba shi da wata dukiya sai sana'arsa. Cikin 1951 ya sami aikin busa a ƙungiyar gidan rediyon birnin Stuttgart.

A nan kiɗan zamani su ke yi. Amma zuciyarsa na wajen irin busar garinsu. Cikin 1956 ya tara waɗansu abokan aikinsa, suka busa irin ta gida, aka sa a rediyo. Mutanen da aka raba da garuruwansu da suka ji, sai suka tuna da gida, suka yi ta neman a ƙara. Daga nan ƙungiyarsa ta kafu, faifanta suka bazu ko'ina. Cikin 1966 har birnin New York na Amurka suka je suka yi wasa. Ya shugabance ta fiye da shekara 40, ya mutu cikin 1999. Amma ƙungiyar ba ta mutu ba, gama ya bar mutanen da ya horar, suka ci gaba.

Mu ma a nan Arewa mun yi irin wannan shugaba, shi ne Bala Miller, wanda asalin gidansu Zariya ne. An haife shi cikin 1928. Tun yana ɗan makaranta ya koyi kayan badujala, ya yi busa a Ikko, daga baya ya kafa babbar ƙungiya tasa, yana waƙa da Hausa. A shekarun 1980 ya yi wani shiri a talbijin na ƙasa wanda ya yi suna ƙwarai. Ya rasu cikin 2003.

Ku duba waɗannan mutane. Harshe ba ɗaya ba, tufafi ba ɗaya ba, kayan busa ba ɗaya ba. Amma hanyar ɗaya ce. Kowannensu tun yana yaro ya fara, ya daɗe yana bi kafin a bi shi, ya kuma iya riƙon jama'a.

7. Kano ta masana'antu

Kanon da Rumfa ya sani ta sake. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, cinikin gyada da fata ya bunƙasa. Daga wajen shekarun 1950 aka shiga gina masana'antu a Bompai, gabas da birni, inda a ke matse man gyada, ana saƙa, ana yin kwanoni da alewa. Daga shekarun 1970 kuma aka buɗe Sharaɗa da Calawa ta wajen kudu, inda manyan majemu su ke, da masu yin kayan roba. Dubban samari suka sami aikin albashi, jiniyar kamfani ta zama ita ke kiransu da safe. Daga baya masana'antu da yawa sun rufe, saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha, amma waɗansu na nan suna aiki.

Wannan sauyi ya taɓa mabusa ta hanya biyu. Ta wajen kayan aiki ya kawo sauƙi. Dā tagulla a ke nema, mai tsada. Da garwar kananzir da gwangwani suka yawaita, sai maƙera suka ga ai ana iya yanka su, a naɗe, a like da dalma, a sami kakaki marar nauyi. Abin da wani ya yar, shi wani ya mayar muryar sarauta.

Ta wajen mutane kuwa ya kawo wuya. Yaron gidan mabusa yanzu yana da hanyoyi da yawa a gabansa. Ga makaranta, ga kamfani, ga kasuwa, ga badujalar 'yan sanda, waɗanda babban ofishinsu na jiha ke nan Bompai. Ba laifi ba ne ya bi ɗaya daga cikinsu. Amma in duka suka tafi, ba wanda ya zauna ya haddace take, wa zai busa? Masana'anta ta iya buga kwano dubu a yini, duk iri ɗaya. Mabushi ɗaya kuwa sai an yi shekaru ana renonsa. Faifai da lasifika sun iya maimaita abin da aka riga aka busa, amma ba su iya ganin hakimi ya doso su san takensa.

Akwai kuma masu raina mabusa, suna cewa ai maroƙa ne. Wannan kuskure ne. Mutumin da ya riƙe tarihin gari a kansa, ya kuma ci abinci da guminsa, ba abin rainawa ba ne. Baƙi ma sun san darajar abin. An yi babban hawa a Kaduna cikin 1956 don Sarauniyar Ingila, aka sake yin wani cikin 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya. Cikin 2024 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana. To, hawa kuwa ba ya cika sai da busa.

Saboda haka, yara, in kun je kallon hawa, kada idonku ya tsaya ga dawaki kaɗai. Ku nemi mabusa, ku ga wanda sauran ke duban fuskarsa kafin su ɗaga ƙarfe. In akwai tsohon mabushi a unguwarku, ku je ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi, ku rubuta abin da ya gaya muku. Wanda kuma ya gaji sana'ar, ya riƙe karatunsa da kyau, ya riƙe gadonsa da kyau, gama ɗaya ba ya hana ɗaya. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

TAMBAYOYI

1. Wane Sarki ne ya fara kakaki a Kano? Daga wace shekara zuwa wace ya yi sarauta?
2. Su wa ke ƙera kakaki? Don me a ke yinsa gaɓa gaɓa?
3. Yaya kakaki ke magana, alhali muryoyinsa biyu ne? Ku kawo waɗansu kalmomi biyu masu baƙaƙe iri ɗaya, waɗanda murya ce kaɗai ta raba su.
4. Yaya mai algaita ke busa ba ya tsayawa shan iska?
5. Mene ne aikin fari da a ke ba yaro mai koyon busa? Mene ne amfaninsa?
6. Ku faɗi bambanci biyu tsakanin kakaki da kayan badujala.
7. Me ya sa ƙungiyar Mosh ba ta watse ba bayan mutuwarsa?
8. Ta wace hanya zamanin masana'antu ya taimaki mabusa, ta wace hanya kuma ya kawo musu wuya?

AIKI

(a) Ku zana kakaki da algaita, ku rubuta sunan kowane sashe nasu.
(b) Ku rubuta layi 10 a kan wata sana'ar gado da a ke yi a garinku, ku nuna yadda yaro ke koyonta.